John Whitney: Mutumin da ya mayar da na'urar yaƙi alƙalamin zane

A yau da wuya a kalli babban fim na ƙasar Amurka ba a ga aikin kwamfuta a cikinsa ba, walau birni ne ke rushewa ko wata halitta ce da ba a taɓa ganin irinta ba. Masana tarihin fim da dama suna danganta asalin wannan fasaha ga John Whitney, wanda suke ɗauka ɗaya daga cikin iyayen zane mai motsi na kwamfuta.

An haife shi ranar 8 ga Afrilu, 1917, a garin Pasadena na jihar Kalifoniya. Ya yi karatu a Kwalejin Pomona, sannan ya tafi birnin Paris a 1937, inda ya koyi tsara kiɗa. A can ne wani tunani ya zauna masa wanda bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa: yadda kunne ke jin daɗin sauti mai tsari, haka ido ya kamata ya ji daɗin motsi mai tsari. Da ya koma gida sai shi da ƙanensa James suka fara shirya gajerun finafinai na siffofi da launuka zalla, ba ɗan wasa, ba labari. Aikin nasu ya samu lambar yabo a wata gasa a Beljiyam a 1949.

Matsalarsa ita ce hannun ɗan Adam ba ya iya zana dubban hotuna da daidaiton da yake so. Maganin ya zo masa daga inda ba a zata ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an riƙa sayar da ragowar kayan soja da araha, sai ya sayi wata na'ura mai suna M5, wadda aka ƙera don ta lissafa saitin bindigogin harbo jiragen sama. Ya gyara ta, ya mayar da juyawarta ta zama mai sarrafa zane da kyamara. Kayan da aka yi don kisa sai ga shi yana fitar da da'irori masu ɗaukar ido.

Da ita ya yi zanen da ke juyawa a farkon fim ɗin Vertigo na Alfred Hitchcock a 1958, tare da mai zane Saul Bass. A 1960 ya kafa kamfanin Motion Graphics, yana yin tallace-tallace da buɗewar shirye-shiryen talabijin don samun abin rufin asiri. A shekarar da ta biyo baya ya tattara samfurin ayyukansa a gajeren fim mai suna Catalog. Dabarunsa sun yi tasiri ga Douglas Trumbull, wanda ya yi aiki a fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968.

A 1966 kamfanin IBM ya ba shi damar aiki da manyan kwamfutocinsa, a lokacin da ake ganin kwamfuta kayan lissafin bankuna da ma'aikatu ce kawai. Da su ya shirya Permutations a 1968. Fim ɗinsa mafi shahara, Arabesque na 1975, ya samo ruhinsa daga zane-zanen gine-ginen Musulunci, inda layi ke sarƙewa da layi bisa ƙa'idar lissafi. Larry Cuba, wanda ya rubuta masa manhajar fim ɗin, shi ne ya yi zanen kwamfutar da aka nuna a Star Wars a 1977.

Ɗansa, John Whitney ƙarami, ya gaji sana'ar. Shi ya sarrafa hotuna da kwamfuta a fim ɗin Westworld na 1973, abin da ake lissafawa cikin na farko a manyan finafinai.

Sai dai burin uban ya bambanta da inda masana'antar ta nufa. Masu zuba jari suna son kwamfuta ta kwaikwayi zahiri don a cika gidajen kallo, shi kuwa kiɗan da ido zai gani yake nema, kamar yadda ya bayyana a littafinsa Digital Harmony na 1980.

Ya rasu a Los Angeles ranar 22 ga Satumba, 1995, yana da shekara 78. Wata biyu bayan haka aka fitar da Toy Story, dogon fim na farko da aka zana gaba ɗayansa da kwamfuta.