Mary Tealby

Mary Tealby (30 Disamba 1801 – 3 Oktoba 1865) 'yar ƙasar Ingila ce da ta yi fice wajen kare haƙƙin dabbobi. Ita ce ta kafa gidan kula da karnuka wanda a yau ake kira Battersea Dogs & Cats Home.

Rayuwar farko

An haife ta a garin Huntingdon. Ta auri Robert Tealby, daga baya suka rabu ta koma Landan da zama.

Gidan karnuka

A 1860 ta buɗe gidan a unguwar Holloway domin karnukan da suka ɓata ko yunwa ta galabaitar a titi. Jaridar The Times ta yi mata ba'a, tana ganin talakawa sun fi cancantar taimakon. A 1862 mujallar marubuci Charles Dickens ta goyi bayan gidan, abin da ya ƙara masa farin jini.

Rasuwa

Ta rasu a Biggleswade. A 1871 aka mayar da gidan Battersea, aka fara karɓar kyanwoyi a 1883. Har yanzu 'yan sa-kai na taimakawa wajen kula da karnukan da fita da su yawo.