Imam Sahnun, Alƙalin Ƙairawan Wanda Bai Ci Albashi Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihi ne na ɗaya daga cikin manyan malaman Mazhabar Malikiyya, wanda ya shekara fiye da arba'in yana karantar da shari'a kafin ya yarda ya zauna kujerar alƙalanci, da ya zauna kuwa, bai ci ko anini daga gare ta ba.

Sunansa na yanka Abdussalami ɗan Sa'idu ɗan Habibu, daga kabilar Tanukh. An yi masa laƙabi da Sahnun, sunan wani tsuntsu, saboda kaifin basirarsa. An haife shi a shekara ta 160 bayan Hijira a Ƙairawan, cikin ƙasar da a yau ake kira Tunisiya. Ya yi karatu wurin Buhlulu ɗan Rashid da Aliyu ɗan Ziyad, almajiran Imam Malik. Shi kansa ya so ƙwarai ya je Madina ya durƙusa gaban Malik, amma talauci ya hana shi, har Malik ya rasu a shekara ta 179.

Wajen shekara ta 188 ya tafi Masar wurin Abdurrahman ɗan Ƙasim, wanda ya daɗe yana lazimtar Malik. Ya tafi da littafin mas'aloli na Asadu ɗan Furat, ya riƙa bitarsa a gaban malamin mas'ala bayan mas'ala, ana gyarawa. Ya kuma yi karatu wurin Ibn Wahab da Ashhabu. Da ya komo gida a shekara ta 191 sai ya tsara mas'alolin babi-babi, ya haɗa su da hadisai da maganganun magabata. Wannan shi ne Mudawwana, wadda ta zama uwa ga littattafan Malikiyya. Daga gare ta Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halilu suka ɗebi da yawa, littattafan da malamai da alƙalan ƙasar Hausa suka tashi a kansu.

Duk da wannan ɗaukaka, Sahnun bai mai da ilimi hanyar cin abinci ba. Yana da gonakin zaitun, da su yake ciyar da iyalinsa, ba ya karɓar kyautar sarakuna. Almajiransa sun ruwaito cewa wata rana ya fito musu da garma a kafaɗa, ya shaida musu yaronsa mai huɗa ya kwana da zazzaɓi, don haka karatu sai bayan ya gama aikin gona. Sai ɗaya daga cikinsu ya karɓi garmar domin malam ya zauna ya karantar da sauran. Abincinsa kaɗan ne, tufafinsa ba na alfahari ba ne, yana raba lokacinsa tsakanin masallaci da gona. A kan wannan tsari ya rayu har shekara 80, kuma bai daina aiki ba sai da ajali ya zo.

An jarrabe shi a lokacin fitinar nan ta masu cewa Alƙur'ani halitta ne. Alƙalin Ƙairawan na lokacin, Ibn Abil Jawad, yana kan wannan ra'ayi. Sa'ad da Ahmadu ɗan Aglab ya ƙwace iko daga hannun ɗan'uwansa a shekara ta 231, aka gurfanar da Sahnun domin ya amsa da bakinsa, ya ƙi. Aka tsare shi a gidansa, aka hana shi karantarwa da ba da fatawa. Amma da yake abincinsa ba daga fada yake fitowa ba, babu albashin da za a yanke masa don ya sauka daga kan abin da ya yi imani da shi. Ba a daɗe ba Sarki Muhammadu ɗan Aglab ya karɓe ikonsa, al'amura suka juya.

Shi wannan Sarki ne ya nemi Sahnun ya karɓi alƙalanci, ya yi kusan shekara guda yana lallashinsa, yana ƙi. Bai yarda ba sai a shekara ta 234, yana da shekara 74, bayan ya ga babu sauran uzurin da zai kawo, kuma an amince masa da sharaɗinsa, watau hukuncinsa zai hau kan dangin Sarki da fadawansa kamar yadda zai hau kan kowane talaka. An ruwaito cewa ranar da aka naɗa shi ya koma gida cikin baƙin ciki, ya shiga wurin 'yarsa Khadija, ya kwatanta kansa da wanda aka yanka ba da wuƙa ba, yana nuni ga hadisin da ya yi gargaɗi game da nauyin alƙalanci.

Bai karɓi albashi don kansa ba, amma ya karɓar wa magatakardansa da mataimakansa, domin su ma'aikata ne masu iyali, hakkinsu ne a biya su. Ya keɓe ɗaki a masallaci inda ba mai shiga sai masu ƙara da shaidu, don kada hayaniya ta ruɗe mai rauni. Ya fitar da dukiyar amana daga gidan alƙali ya danƙa ta ga amintattu, ya sa ido a kan kasuwanni da ma'auni, ya kuma wakilta almajirinsa Habibu ɗan Nasru ya riƙa sauraron ƙananan ƙararraki, bai ɗora wa tsufansa dukan kaya ba. Ya sha yin karo da manyan mayaƙan Sarki a kan mutanen da suka kama ba bisa hakki ba, ya tsaya kai da fata sai an sake su.

Kujerar ba ta bar shi ba tabo ba. An kawo ƙarar tsohon alƙali Ibn Abil Jawad a kan wata dukiyar amana, Sahnun ya sa aka tsare shi, aka yi ta yi masa bulala don ya biya, har ya mutu a cikin wannan hali. Masu tarihi ba su ɓoye wannan ba, kuma ya isa ya nuna dalilin da ya sa mai tsoron Allah yake gudun wannan aiki.

Darasin da ke nan ga alƙali da lauya da ɗalibin shari'a shi ne, wanda buƙatunsa suka yi yawa, harshensa yakan yi nauyi a gaban mai biya masa su. Sahnun ya fara gina iliminsa da abin dogaronsa, ya taƙaita buƙatunsa, ya kiyaye ƙarfin jikinsa, sannan ya karɓi muƙami bisa sharaɗinsa. Shekara shida kaɗai ya yi a kan kujera. Ya rasu cikin watan Rajab na shekara ta 240, daidai da 854 Miladiyya, Sarki da kansa ya yi masa salla, aka rufe shi a Ƙairawan. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya ba masu riƙe da shari'a ikon tsayawa a kan gaskiya, amin.