J.R.R. Tolkien (1892–1973): Masanin da ya ƙagi harsuna kafin ya ƙagi duniyarsu

Da yawa daga cikinmu sun fara sanin sunan Tolkien ne ta hanyar fina-finan The Lord of the Rings, waɗanda Peter Jackson ya shirya a ƙasar New Zealand, suka fito tsakanin 2001 da 2003. Sai dai marubucin littafin, kafin komai, ɗan fagenmu ne: malamin tarihin harsuna wanda ya ƙare rayuwarsa yana bin sawun kalmomi.

An haifi John Ronald Reuel Tolkien ranar 3 ga Janairu 1892 a Bloemfontein, cikin ƙasar da a yau ake kira Afirka ta Kudu, inda mahaifinsa yake aikin banki. Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa Mabel ta tafi da shi Ingila ziyara, ba su komo ba, domin mahaifin ya rasu a 1896. Ita ce ta fara koya masa Latinanci da Faransanci a gida, a wani ƙauye kusa da Birmingham. A 1904 ciwon sukari ya yi ajalinta, ta bar shi da ƙanensa marayu a hannun wani limamin Katolika, Francis Morgan.

Tun yana yaro yake jin daɗin sautin harshe kamar yadda wasu suke jin daɗin kiɗa. Sunayen Welsh da yake gani a jikin taragon gawayi sun ja hankalinsa, daga baya ya gamu da nahawun Gothic, harshen da ya daɗe da mutuwa. Da ya shiga jami'ar Oxford a 1911, sai ya tsinci nahawun harshen Finlan a ɗakin karatu. Finlanci da Welsh su ne suka zama tubalin aikinsa na gaba.

A 1916 ya auri Edith Bratt, a shekarar kuma aka tura shi fagen daga na Somme a Faransa, yana jami'in sadarwa. Biyu daga cikin aminansa na makaranta sun mutu a yaƙin, shi kuwa zazzaɓin ramuka ya mayar da shi gida. A lokacin jinya ya soma rubuta tatsuniyoyinsa na farko. Bayan yaƙi ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford, yana binciko asalin kalmomin da suke farawa da harafin W. Ya koyar a Leeds daga 1920, ya zama farfesan tsohon Ingilishi a Oxford a 1925, bai bar jami'ar ba sai da ya yi ritaya a 1959. Laccarsa ta 1936 a kan tsohon waƙen Beowulf ta sauya yadda ake nazarinsa, domin ya nuna cewa adabi ne mai daraja, ba rumbun tsofaffin kalmomi kaɗai ba.

Abin da ya bambanta harsunansa da sauran ƙagaggun harsuna shi ne tarihi. Bai tsaya a jeren kalmomi ba. Ya fara da uwar harshe guda, sannan ya gindaya dokokin sauyin sauti, ya fitar da ƴaƴanta, wato ya bi hanyar kwatanta harsuna amma a juye. Quenya ya ɗauki kamannin Finlanci, da yawan wasula da ɗafa-ƙeya masu nuna matsayin suna a jimla. Sindarin ya bi Welsh: baƙin farkon kalma yakan sauya gwargwadon abin da ya gabace shi, jam'i kuma yakan samu ta sauya wasali, kamar adan, mutum, da edain, mutane. Tsohon sautin kw ya tsaya a Quenya, amma ya koma p a Sindarin, kamar yadda ya faru a reshen harsunan Celtic da Welsh yake ciki. Hatta rubutun Tengwar da ya ƙaga darasi ne na ilimin furuci: siffar harafi tana nuna gurbin furuci da yanayinsa, wasula kuma ƴan alamomi ne a saman baƙaƙe, kusan yadda muke yi wa ajami wasali.

Daga nan ya gane cewa harshe ba ya rayuwa sai da masu magana da shi. Rabuwar harsuna tana buƙatar ƙaura da yaƙi da nisan wuri, don haka dole ya ƙagi al'ummu da ƙasashe da zamunna. The Hobbit ya fito a 1937, The Lord of the Rings ya biyo baya cikin juzu'i uku a 1954 da 1955. Babban kundin tatsuniyoyin da ya fi so, The Silmarillion, bai ga fitowarsa ba, saboda yawan gyara da sake gyara. Ɗansa Christopher ne ya tattara shi ya buga a 1977. Edith ta rasu a 1971, shi kuma ya bi ta ranar 2 ga Satumba 1973. Kabari ɗaya suke a Oxford, an rubuta Lúthien ƙarƙashin sunanta, Beren ƙarƙashin nasa, sunayen masoya biyu na cikin tatsuniyarsa.

Wanda yake son shiga wannan duniya, ya fara da The Hobbit, domin ya fi sauƙi, sannan ya wuce zuwa babban littafin, wanda ake samu da Faransanci da sunan Le Seigneur des anneaux. Kada ɗalibin kimiyyar harshe ya tsallake ratayen ƙarshen juzu'i na uku, inda aka yi bayanin furuci da rubutu da harsunan. Fina-finan suna ba kunne damar jin Sindarin, wasannin kwamfuta na ƙagaggun duniyoyi kuwa da yawansu daga gonarsa suka yi kala. Dokokin sauyin sauti da muke haddacewa don jarrabawa, da su Tolkien ya gina duk wannan.