Audu Bako

Audu Bako (an haife shi a shekarar 1924, ya rasu a 1980) ɗan sandan Najeriya ne wanda ya kai muƙamin kwamishinan 'yan sanda, kuma shi ne gwamnan farko na Jihar Kano, daga watan Mayun 1967 zuwa watan Yulin 1975, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. An fi tuna shi da madatsun ruwan da gwamnatinsa ta gina, musamman na Bagauda da na Tiga a kudancin Kano, waɗanda suka sauya noma da kamun kifi a yankin, suka kuma taɓa rayuwar mutanen da ke zaune can ƙasa a fadamun Haɗejiya da Nguru.

Farkon rayuwa da aikin ɗan sanda

An haifi Audu Bako a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ya daɗe yana aikin ɗan sanda. Ya yi karatu a Kaduna, sannan ya wuce makarantar Midil ta Zariya. Ya shiga aikin ɗan sanda a 1942. Ya koyar da doka a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, daga baya aka ɗora masa kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya.

Gwamnan Kano

A ranar 27 ga Mayu, 1967, Gowon ya raba Najeriya zuwa jihohi goma sha biyu, ya naɗa Audu Bako gwamnan Kano. Jihar a wancan lokaci ta haɗa masarautu huɗu: Kano, Haɗejiya, Gumel da Kazaure, wato har da ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991. Sarkin Kano na lokacin, Alhaji Ado Bayero, shi ma tsohon shugaban 'yan dokan Kano ne. Cikin kwamishinonin gwamnatin akwai Maitama Sule da Tanko Yakasai da Aminu Ɗantata.

Gwamnatinsa ta yi gyare-gyare a tsarin En'e, ta karɓi wasu ayyukanta ta mayar da su hannun jiha, ta kuma buɗe makarantun 'ya'ya mata. Amma abin da ya fi cin kuɗi da hankalin gwamnan shi ne ruwa. Damina a Kano 'yan watanni ce, jama'a kuwa suna da yawa, kuma da zarar an gama girbi sai matasa su fita cin rani. Farin da ya auka wa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970 ya ƙara wa masu wannan ra'ayi hujja.

Bagauda da Tiga

A 1969 aka fara gina madatsar ruwa ta Bagauda, a ƙasar Bebeji, domin ta shayar da gonakin gwaji na noman rani a Kadawa. Sunan na sarkin Kano na farko ne a jerin sarakunan da tarihi ya kawo. An gina otal a bakin tafkin. A wajen ne a yau reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya yake.

Bagauda share fage ce kawai. Babban aikin shi ne Tiga, wanda aka gina a kan Kogin Kano a farkon shekarun 1970, aka kammala a 1974. Kogin yana gangarowa ne daga duwatsun kudu, ya ratsa ƙasar Doguwa da Tudun Wada, kafin ya iso inda aka tare shi. Tsawon bangon ya kai kimanin kilomita 6, tafkin da ya taru a bayansa kuma ya mamaye kusan murabba'in kilomita 178, yana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A rubuce ana cewa madatsar ruwa, amma a bakin mutanen yankin dam ne, ko ma Tiga kawai.

Daga Tiga ruwa ke bin babbar hanyar da aka haƙa zuwa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam, inda ake noman shinkafa, alkama, tumatir, albasa da masara har da rani. Wani kason kuma ana sakinsa cikin kogi, ya taimaka wa ruwan shan birnin Kano. Tafkin ya jawo masunta daga wurare daban-daban, aka samu kasuwar karfasa da tarwaɗa a inda a da sai dai kamun kifi na ɗan lokaci bayan damina. Wannan ne ya sa mutane da dama ke kallon Audu Bako a matsayin uban noman rani na zamani a Kano, kuma yabon bai wuce gona da iri ba.

Sai dai ruwan ya ci gonaki da ƙauyuka. An tashi dubban mutane aka sake masu matsuguni, kuma zaman ruwa a hanyoyin ban-ruwa ya ba dodon koɗi mai yaɗa tsargiya da sauro wurin hayayyafa.

Falgore da gidan zu

Kudu da tafkin Tiga akwai dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000. Matafiyi daga Kano zuwa Jos, idan ya karya a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, ta cikinsa yake wucewa. Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 kuma aka ɗaga shi ya zama gandun namun daji. Alaƙarsa da Tiga a fili take: itatuwan dajin ne ke riƙe ƙasa a saman kogin, idan aka sare su, yashi da laka za su riƙa gangarowa suna cike tafkin. Kare dajin, kenan, kare dam ɗin ne.

A birni kuma gwamnatin ta buɗe gidan zu a farkon shekarun 1970, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Audu Bako. Ga yara da yawa na Kano, a nan suka fara ganin zaki da giwa da kada ido da ido, ko da sallah ko a ziyarar makaranta.

Abin da ya faru a Haɗejiya da Nguru

Kogin Kano yana haɗuwa da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗejiya, wanda ke malala cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are, su nufi Tafkin Chadi ta Komadugu Yobe. Rayuwar mutanen wannan fadama a kan ambaliyar shekara-shekara ta dogara. Idan ruwa ya cika, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa. Idan ya janye, a yi noma a danshin da ya bari, makiyaya su kawo dabbobi, rijiyoyi kuma su samu ruwa. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ma a nan suke yin hunturu.

Da aka tare ruwan damina a Tiga, ambaliyar ta ragu ƙwarai. Ba laifin dam kaɗai ba ne, domin farin shekarun 1970 da 1980 ya taka rawa, kuma madatsar Challawa da aka kammala a 1992, shekaru bayan rasuwar Audu Bako, ta ƙara tsananta lamarin. Wata matsalar kuma ta biyo baya: ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara ya hana hanyoyin ruwa bushewa da rani, sai ciyawar kachala ta samu wuri, ta toshe su, ta hana jiragen masunta wucewa, ta kuma zama maɓoyar jan-baki masu cin hatsi. Abin lura shi ne, a lokacin da aka gina Tiga, Haɗejiya tana cikin jihar da Audu Bako yake mulki. Cikin masu riba da masu asara duk akwai talakawansa.

A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗejiya da Nguru, da haɗin gwiwar ƙungiyar IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Najeriya. Shirin ya riƙa auna ruwa, ƙidayar tsuntsaye da wayar da kan jama'a a ƙauyuka. Binciken da Edward Barbier da Julian Thompson suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa ribar noman rani a sama ba ta kai asarar noma, kifi da itacen da fadamar ta yi ba, suka kuma goyi bayan a riƙa sakin ruwa da damina yadda zai kwaikwayi ambaliyar da. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Har yau manoma da masunta na yankin kan fito aikin gayya su sare kachala domin buɗe wa ruwa hanya.

Ritaya da rasuwa

Mulkinsa ya ƙare da juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975, wanda ya kawo Janar Murtala Muhammed. Kanal Sani Bello ne ya gaje shi. Audu Bako ya bar aiki ya koma noma, har ya rasu a 1980. Ban da gidan zu, sakatariyar gwamnatin Jihar Kano da Kwalejin Aikin Gona ta Ɗambatta suna ɗauke da sunansa. Kula da madatsar Tiga yanzu yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976.