Madam Lebrun, Mai Zanen Sarauniyar Faransa

'Yan'uwana mata, yau labarin wata Bafaranshiya na kawo muku, Elizabeth Vigee, wadda aka fi sani da Madam Lebrun. An haife ta a birnin Paris a 1755, zamanin da ba a san hoton kyamara ba. Duk mai son jikokinsa su ga kamanninsa sai ya zauna gaban mai zane.

Mahaifinta mai zane ne, shi ya fara ɗora ta a kan hanya, amma ya rasu tana da shekara 12. Daga nan sai mahaifiyarta ta riƙa kai ta gidajen manya inda aka rataye aikin gwanaye irin su Rubens da Rembrandt, tana kwaikwayon fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Shi fentin mai ba ya son gaggawa. Garin launi ne ake kwaɓawa da mai, a shafa, a jira ya bushe, a sake bi da wani marar kauri a kai, har fatar mutum ta fito kamar da jini a cikinta. Ku 'yan makaranta, haka yarinyar nan ta koya, da ido da haƙuri.

Tun tana budurwa ta fara samun kuɗi, amma mijin uwarta ne yake karɓewa. Ta yi aure a 1776, sai ga mijin ɗan caca ne, shi ma ya ɗora daga inda wancan ya tsaya. Abin haushi, gumi nata, aljihu nasu.

A 1778 aka kira ta fada ta zana Sarauniya Mari Antuwanet, kuma ta yi mata zane wajen 30. Wannan kusanci shi ya so ya halaka ta. Da juyin juya hali ya ɓarke a 1789, ta ɗauki 'yarta Julie da dare suka bar Paris. Sarauniyar kuwa an fille mata kai a 1793.

Shekara 12 ta yi tana gudun hijira, daga Italiya zuwa Ostiriya har Rasha, ba ta da jari sai burushi da fenti, da su ta ciyar da kanta da 'yarta. Ta koma gida a 1802. Julie ta riga ta rasuwa a 1819, ita kuma ta rasu a Paris a 1842, tana da shekara 86, ta bar zanen fuskoki fiye da 600.