Jalinusu, Likitan Masu Faɗa da Takobi

Kakana maɗori ne a garinmu Sharabi, cikin ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Benin. In an kawo masa ɗan kokawa ko wanda ya faɗo daga amalanke, sai ya runtse ido, ya bi wurin da yatsa sannu a hankali, kafin ya faɗi ko karaya ce ko targaɗe. Hutun da ya wuce ya aza yatsana a bayan dunduniyata, ya sa ni na yi ɗage, sai na ji agara ta miƙe kamar igiyar guga. Da na komo makaranta na ba malaminmu na kimiyya labari, shi ne ya ce in nemi tarihin Jalinusu, wanda Turawa ke kira Galen.

An haifi Jalinusu a shekara ta 129 bayan haihuwar Annabi Isa, a birnin Fargamon, cikin ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. Mahaifinsa magini ne mai wadata. Yana da wajen shekara goma sha shida, wato sa'ana ke nan, ya fara koyon aikin likita. Neman ilmi ya kai shi har Iskandariyya ta Masar.

A shekara ta 157 ya komo gida, aka naɗa shi likitan mutanen da ake sa su faɗa da takobi a fili don jama'a su yi kallo. Mugun wasa ne ƙwarai, amma a nan idonsa ya buɗe. Ta bakin raunuka ya riƙa ganin yadda tsoka take kwance, da inda agara ta kama ƙashi, har yana ɗinke tsokar cinya in an sare ta. Mu Hausawa kusan kome jijiya muke ce masa. Shi kuwa sai ya bambanta wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, da wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, da wadda ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ko laka tana kai ji da motsi.

Labarin da ya fi burge ni a birnin Rum ya faru. Wani malami, Fausaniyas, ya daina jin taɓi a ƙananan yatsunsa, aka yi ta shafa wa yatsun magani a banza. Jalinusu ya yi ta tambayarsa har ya gano ya taɓa faɗowa daga keken doki, ya bugu a baya, ƙasa da wuya. A can ya sa maganin, mutumin ya warke. Daga baya ya zama likitan Sarkin Rum, Markus Aureliyus. Ya rasu wajen shekara ta 216.

Hunainu ɗan Ishaƙa ya fassara littattafansa da Larabci a Bagadaza, shi ya sa malaman zaure suka san sunansa. Amma fa yana da kurakurai, domin birai da aladu ya fi feɗewa, ba gawar mutum ba. Ibnu Nafis ya gyara masa batun zuciya, Besaliyas kuma ya gyara wasu masu yawa a 1543.

Na kwafi zanen tsokokin ƙafa daga littafinmu na kimiyya. In an yi hutu zan kai wa Kaka, mu gani ko yatsansa zai yarda da shi.