Marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa (1912–1966): Malamin da Talakawa Suka Ɗauki Nauyin Karatunsa

 

Duk ɗan ƙasar Yawuri da ke zaune a Birnin Kebbi, ko Sakkwato, ko Kaduna, ko Abuja, ko Legas, ya san yadda saƙonni kan yawaita daga gida idan lokacin rajistar jami'a ya ƙarato. Yaro ya ci jarrabawa, ya sami gurbi, amma kuɗin makaranta ya gagari mahaifinsa, wanda ko dai manomi ne ko masunci. Mafita ita ce neman tallafin karatu, wato abin da yaranmu ke kira sukolashif. Wannan ne ya sa a bana muka zaɓi mu kawo tarihin wani bawan Allah wanda tun daga elementare har zuwa Jami'ar Landan da dukiyar jama'a ya yi karatu, kuma bai taɓa mantawa da haka ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda hotonsa ke jikin takardar naira biyar.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Malam Abubakar a cikin watan Disamba na shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke gundumar Lere ta ƙasar Bauchi. Sunan mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala, mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Ba ɗan sarki ba ne, ba kuma ɗan attajiri ba. Mahaifinsa yana cikin masu yi wa hakimin gundumar hidima ne. Kamar sauran 'ya'yan Musulmi, da makarantar allo ya fara, sannan aka sa shi elementare a garinsu. A wancan zamani iyaye da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi idan an zo ɗibar yaran boko, don haka ba kowa ya ɗauki shigarsa makaranta a matsayin sa'a ba.

Daga nan ya wuce Makarantar Lardi ta Bauchi a shekarar 1925. Ƙwazonsa da natsuwarsa suka sa aka zaɓe shi zuwa Kwalejin Katsina a 1928. Wannan kwaleji ita ce ƙololuwar ilimin boko a Jihar Arewa a lokacin, kuma an kafa ta ne domin horar da malamai. Ita ce daga baya aka mayar Kaduna, sannan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. A Katsina ya tarar da Ahmadu Raɓa, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato. Shekara biyar ya yi a can, ya gama a 1933.

Abin lura a nan shi ne, ɗalibin Kwalejin Katsina ba daga aljihun mahaifinsa ake ciyar da shi da koyar da shi ba. Daga baitulmali ne, baitulmali kuwa da harajin manomi da jangalin makiyayi ake cika shi. Gurabe kaɗan ne, kowane lardi 'yan ƙalilan yake turawa, wanda kuma ya yi sakaci da karatu ko ya ɓata hali sai a sallamo shi. Tun yana ɗan shekara 15 ke nan Abubakar ya san cewa gurbin da yake zaune a kai na aro ne.

Shekarun koyarwa

Da ya gama, sai ya koma gida ya kama aikin koyarwa a Midil ta Bauchi. Bai ɗauki takardar Katsina a matsayin ƙarshen karatu ba. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dakta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin Hausa. Matashin malamin ya shiga da littafinsa Shaihu Umar, aka kuma buga shi a 1934 tare da su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Har yau ana karanta shi a makarantunmu.

Ya ci gaba da koyarwa da rana, yana nazari da dare, har ya zama hedimasta. Ya zauna jarrabawar babbar takardar shaidar malanta ya ci, alhali 'yan Arewa da ke da irinta a lokacin ba su da yawa. A Bauchi ɗin ne kuma ya zauna da Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a wannan Midil, da Malam Sa'adu Zungur. Su da wasu ma'aikata suka riƙa haɗuwa a wata ƙungiyar muhawara suna tattauna halin da ƙasa ke ciki. Ra'ayinsu ya sha bamban, domin shi mai tafiya sannu ne, su kuwa masu zafi, amma a wannan zaure ya goge wajen magana a gaban jama'a.

Tafiyarsa Landan

Yayin da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ƙarshe, gwamnatin mulkin mallaka ta yanke shawarar tura wasu malaman Arewa ƙaro ilimi a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Da aka zo zaɓe, ba a sha wahalar gano Malam Abubakar ba. Shekara 12 ya yi yana riƙe da alli, ga takardun jarrabawa, ga littafi da sunansa, ga shaidar shugabanninsa a kan halinsa. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Nasa goran a fafe yake tun da daɗewa.

Ya zauna a Ingila daga 1945 zuwa 1946, yana da shekara 33, ya baro iyali a Bauchi. Landan ɗin da ya tarar ba ta jin daɗi ba ce. Bama-baman Jamus sun rusa unguwanni, abinci da tufafi da gawayin ɗumama ɗaki duk da kati ake rabawa, ga tsananin sanyi ga mutumin da ya tashi a ƙasar rana. Duk da haka ya riƙe addininsa, ya riƙe abin da ya kai shi, ya gama cikin lokacin da aka ɗibar masa, ya karɓo takardar shaidar ƙwarewa a aikin koyarwa. Nasarar wannan rukuni na farko ta taimaka ƙofar ta zauna a buɗe. A 1946 aka tura Malam Aminu Kano wannan cibiya. Da na farko sun yi wasa, da na baya sun sha wahalar samun hanya.

Komawa gida da shiga siyasa

Bai nemi zama a Turai ba. Ya dawo ya ci gaba da aikin ilimi a En'e ta Bauchi, yana duba makarantu. A 1946 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa, a 1947 kuma ya shiga Majalisar Dokoki ta ƙasa. A watan Agusta na 1950 ya gabatar da ƙudurin nan da ya girgiza Kaduna, inda ya nemi a yi wa tsarin mulkin En'e gyara domin talaka ya sami bakin magana a kan yadda ake mulkinsa da yadda ake kashe harajinsa. Ba ƙaramar jarunta ba ce ma'aikacin En'e ya miƙe ya faɗi haka a zamanin da sarakuna da Turawa ke riƙe da ragama. Mu a ganinmu, a nan ya fara biyan bashin waɗanda suka ciyar da shi a Katsina da Landan.

Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri. A 1955 ya ziyarci Amurka domin ganin yadda ake sufuri a kan kogin Misisifi, da nufin amfani da Kwara da Binuwai. A 1957 ya zama Firayim Minista, shi ne kuma ya karɓi 'yancin Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a wannan wata, ya yi a gaban Majalisar Dokokin Amurka a 1961, ya kuma kasance cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963. Saboda fasaharsa ta magana aka riƙa kiransa mai muryar zinariya.

Abin da ya bar wa masu neman ilimi

Lokacin da ya hau mulki, Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, ita kaɗai ce a ƙasar nan, 'yan Arewa a cikinta kuwa ba su taka kara sun karya ba. A 1959 gwamnatinsa ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sa Eric Ashby, wanda Shettima Kashim Ibrahim na cikin mambobinsa, domin duba bukatun ƙasa na ilimi mai zurfi. Rahoton ya fito a 1960. Cikin 'yan shekaru aka sami jami'o'in Nsukka, da Ife, da Legas, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda Gwamnatin Arewa ta buɗe a 1962. A wannan shekara ce kuma aka kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa. Wanda sai da ya haye teku kafin ya ga jami'a, ya ga 'ya'yan talakawa sun fara shigarta a gida.

Mu mutanen Yawuri akwai wani aikin gwamnatinsa da ya taɓa mu kai tsaye, wato madatsar ruwa ta Kainji. An fara gina ta a 1964, aka gama a 1968, bayan rasuwarsa. Ƙasa ta sami wutar lantarki, amma mutane fiye da 40,000 suka tashi daga matsugunansu. Ruwa ya cinye gungunan Gungawa da fadamun da kakanninmu suka noma. Wannan sadaukarwa kaɗai ta isa hujja cewa ɗan Yawuri, da ɗan Ngaski, da ɗan Shanga, ba bara yake yi ba idan ya nemi tallafin karatu daga gwamnati. Haƙƙinsa yake nema.

Rasuwarsa

A cikin watan Janairu na 1966 ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas a kan rikicin Rodeshiya. Kwanaki kaɗan bayan haka, a daren 15 ga Janairu, sojoji masu juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Legas. An kai shi Bauchi aka yi masa sutura, kabarinsa kuma na nan ana ziyarta. Ya rasu yana da shekara 53. Bai bar benaye ko tarin dukiya ba. Jami'ar tarayya da ke Bauchi tana ɗauke da sunansa tun 1988.

Darasi ga 'ya'yanmu da mu iyayensu

A yau ƙofofi sun fi na zamaninsa yawa. Akwai Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kebbi, akwai ta Tarayya, akwai kuma asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024. Shi wannan bashi ne marar ruwa, ba kyauta ba, ana fara biyansa shekara biyu bayan gama yi wa ƙasa hidima. Amma sharaɗin da ya kai Malam Abubakar Landan bai sauya ba, wato a same ka a shirye. Ɗalibi ya tanadi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukumarsa, da takardar samun gurbi, da lambar katin ɗan ƙasa, da asusun banki da sunansa, ya kuma tabbata sunan da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kan dukkansu. Da yake yawancin neman ta intanet ake yi yanzu, harafi ɗaya da ya saɓa kan iya hana yaro rabonsa. Mu da ke birane, mu ne muka fi saurin jin an buɗe shafi. Wajibinmu ne mu isar da labari Birnin Yawuri, da Wara, da ƙauyukan bakin tafki kafin a rufe.

Wanda kuma ya samu, ya sani riƙewa ta fi samu wuya. Yawancin masu ba da tallafi kan duba sakamakon ɗalibi, wanda makinsa ya faɗi ko aka kama shi da satar jarrabawa yakan rasa. Kuɗin rajista ba na sayen waya mai tsada ba ne. Ɗalibin da ya yi wasa ba kansa kaɗai ya cuta ba, har da ƙannensa da za su zo da sunan garinsu a bayansa.

Daga ƙarshe, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin da aka kashe wa ɗalibi na manomin albasa ne da masuncin da ke kwana a kan ruwa. Da yawa daga cikinmu masu karanta wannan mujalla da irin wannan kuɗi muka yi karatu, har muka zama abin da muka zama. Malam Abubakar ya dawo gida ya biya nasa da aiki da gaskiya. Ya rage gare mu kowa ya duba nasa, ko da ɗaukar nauyin rajistar yaro ɗaya ne a shekara.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya albarkaci karatun 'ya'yanmu, Ya zaunar da ƙasar Yawuri lafiya. Amin.